Ɗauri da Danniya a Allon Talabijin: Kallo Yana Mayar da Baƙon Abu Ɗan Gida?

BDSM suna ne da Turawa suka ba wasu halaye na mu'amalar shimfiɗa tsakanin baligai, inda ɗaya kan ɗaure ɗaya, ko ya riƙa ba da umarni ɗayan yana biyayya, ko a cusa zafi da wahalarwa a cikin lamarin da gangan. Masu yin sa sun kafa shi a kan sharaɗi guda, wato yardar kowane ɓangare tun kafin a fara, tare da wata kalma da aka yi yarjejeniya a kanta, wadda da zarar an furta ta sai a tsaya. Shekaru da yawa abin a ɓoye yake ko a ƙasashen da ya samo sunansa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun lissafa shi cikin cututtuka, kotuna kuma sun ɗauke shi laifi idan ya kai ga rauni.

Fitowarsa fili ta bi ta allo ne. A 2001 shirin binciken laifuka na CSI, na tashar CBS ta Amurka, ya shigo da wata mata mai wannan sana'a, aka kuma yi ta dawo da ita a shekarun baya. A 2002 aka yi fim ɗin Secretary. A 2011 marubuciyar Ingila E. L. James ta fitar da Fifty Shades of Grey, littafin da shi da 'yan uwansa biyu suka haura kwafi miliyan 100 a kasuwa cikin 'yan shekaru, fim ɗinsa na 2015 kuma ya tara sama da dala miliyan 500. Shirin Billions da ya fara a 2016 ya nuna babban lauyan gwamnati da matarsa a wannan hali tun fitowar farko, Netflix kuma ta yi shiri sukutum a kai mai suna Bonding a 2019. A Najeriya fim ɗin Fifty Shades bai daɗe a sinima ba hukumar tace finafinai ta ƙasa ta janye shi, kamar yadda Kenya da Malesiya da Indonesiya suka hana shi.

Nguru da Gashua, da ke arewacin Jihar Yobe, sun yi nisa da sinimomin Legas da Abuja, amma ba su taɓa zama a rufe ba. Tun wajen 1930 layin dogo daga Kano ya tsaya a Nguru, ya mayar da ita matattarar fatake da Mangawa da Hausawa da Fulani da baƙi daga kudu da Nijar. Gashua, hedikwatar masarautar Bade a bakin kogin Yobe, tana da kwalejin ilimi, ta kuma samu jami'ar tarayya a 2013, wadda ke tara ɗalibai daga jihohi da dama. Hanyoyin kallo a garuruwan biyu iri ɗaya ne da na sauran Arewa: tashoshin tauraron ɗan Adam na kyauta irin su MBC na Larabawa, waɗanda ke yanke sumba da tsiraici kafin su nuna fim, Arewa24 da ta fara aiki a 2014, finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, sai kuma babbar ƙofa, wato waya, da masu tura fim a memori a bakin kasuwa da tasha, inda babu mai tacewa. Babu wani fim na Kannywood ko shirin talabijin na Hausa da aka san ya nuna wannan ɗabi'a. Tambayar da ake jayayya a kanta ita ce ko abin da ke shigowa daga waje yana sauya yadda jama'a ke kallonsa, kuma idan yana sauyawa, ta wace fuska.

Abin da masu fargabar tasiri ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce sabo. Abin da mutum ya fara gani da ƙyama, idan ya yi ta ganinsa a hannun jarumai kyawawa, cikin gidaje na alfarma, da kiɗa mai daɗi a bayansa, ƙyamar takan ragu ko da bai taɓa yanke shawarar amincewa da shi ba. Masanin sadarwa George Gerbner ya yi wannan bayani tun shekarun 1970: masu yawan kallon talabijin sukan ɗauki duniyar da ke allo a matsayin duniyar gaske, sannu a hankali, ba tare da sun lura ba. Albert Bandura kuma ya nuna cewa ana koyon hali ta hanyar kallon wanda ya yi shi ya ci riba. A Fifty Shades mai ɗaurin attajiri ne matashi mai jirgin sama, ƙarshen labarin kuma aure ne da zaman daɗi.

Suna da alƙaluma daga wasu ƙasashe. A Burazil, Eliana La Ferrara da abokan aikinta sun bi yadda zangon tashar Globo ya riƙa isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, suka ga cewa inda wasannin kwaikwayonta suka isa haihuwa ta ragu, rabuwar aure kuma ta ƙaru. A Indiya, Robert Jensen da Emily Oster sun buga bincike a 2009 da ya nuna cewa shigar talabijin ta kebul ƙauyuka ta rage yawan matan da ke ganin daidai ne miji ya doki matarsa. A nan gida ma, binciken da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi a kan shirin MTV Shuga, tsakanin matasa kimanin 5,000 a kudu maso yammacin Najeriya, ya gano cewa waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau. Masu wannan ra'ayi sukan ce ba zai yiwu a yaba wa allo idan ya gyara, sannan a wanke shi idan ya ɓata ba. Ƙungiyoyin da ke kashe kuɗi a kan wasannin rediyo don yaɗa rigakafi da awon ciki a Yobe da Borno sun yarda cewa labari yana sauya mutane, in ba haka ba da ba su kashe ba.

Akwai kuma misalin da kowa ya gani da idonsa. Rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa cikin furanni ba a gaje su daga tashe ko wasan daɓe na Hausa ba. Daga finafinan Indiya da sinimomin Labanawa suka yi shekaru suna nunawa suka shigo, kamar yadda Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi bayani a rubuce-rubucensu. A yau ba a ɗaukarsu baƙi. Bukukuwan aure na birane sun cika da abubuwan da iyayen ango ba su san su ba a nasu zamanin, har an kai ga malamai suna wa'azi a kan hotunan kafin aure. Idan abin da ake yi a bainar jama'a ya sauya haka, in ji su, me zai hana na cikin ɗaki, inda babu idon kowa?

Amsar masu ganin an zuzuta abin

Waɗannan sun fara da tarihi. A ƙasashen da wannan ɗabi'a ta samu sassauci, likitoci ne suka riga masu fim. Denmak ta cire ta daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 1995, Suwidin a 2009, Norwe a 2010, duk kafin littafin James ya fito. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta bambanta, a kundinta na 2013, tsakanin sha'awar da ba a saba gani ba da sha'awar da ke cutar da mai ita ko wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a sabon kundin cututtuka da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. A ganinsu kamfanin fim ɗan kasuwa ne, ba ya zuba kuɗi sai inda ya hangi masu saye, don haka allon ya tarar da sauyin ne a hanya, ya bi shi.

Sun kuma ce misalan Burazil da Indiya ba su dace ba. Can ana maganar shirye-shiryen da iyali gaba ɗaya ke kallo kowane dare, tsawon shekaru, a harshensu, da jarumai masu kama da su. Abin da saurayi a Gashua ya kalla a waya shi kaɗai, da Turancin da bai gama ji ba, cikin tsoron kada a leƙo, ba shi da wannan ƙarfi. Ba ya tattauna shi da mahaifiyarsa, ba ya jin an yaba shi a majalisa, washegari kuma zai zauna a gaban malamin da zai gaya masa akasin haka. Yobe tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma makarantun allo da na Islamiyya da tafsirin azumi suna magana da mutane fiye da kowace tasha. Shekaru fiye da 30 ke nan da farantin tauraron ɗan Adam ya shiga gidajen Arewa, ana ganin giya da sumba da zaman dadiro a finafinan Amurka, amma har yau babu mai sumbatar matarsa a kasuwar Nguru.

Babban shaidarsu shi ne martanin jama'a duk lokacin da aka matso kusa da iyaka. A 2007, bayan ɓullar wani bidiyon sirri na wata jaruma, an dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, aka ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar tace finafinai, aka yi ta kama 'yan fim. A wannan shekara an ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda runguma a bidiyon waƙar ClassiQ, kuma a wannan shekarar malamai suka tilasta wa gwamnatin tarayya janye shirin gina alƙaryar fim a Kano. Al'ummar da runguma ta tayar wa hankali haka, in ji su, ba ta kan hanyar karɓar ɗauri da bulala.

Zancen yarda da zancen cuta

A nan ne jayayyar ta fi zafi, domin masu fargaba ba su tsaya kan karɓuwa a fili ba. Suka ce abin da ke ƙetaro iyaka hoto ne kawai, sharuɗɗan suna can an baro su. Masu wannan ɗabi'a a Turai da Amurka su da kansu sun soki Fifty Shades da kashin farko na Bonding, suna cewa an nuna bibiya da kishi da tilastawa a matsayin soyayya, an kuma yi wasa da batun yarda. Sai da masu Bonding suka ɗauki mai ba da shawara daga cikinsu kafin su yi kashi na biyu a 2021. Amy Bonomi da abokan aikinta sun nazarci littafin a 2013, suka ce kusan kowace haɗuwa tsakanin jaruman tana ɗauke da alamun cin zarafi irin wanda hukumomin lafiya ke lissafawa: tsoratarwa, sa ido, raba mace da mutanenta. Idan waɗanda suka san abin sun ce allon ya karkatar da shi, to wanda bai san komai ba sai allon me zai ɗauka?

Sai masu fargaba su kawo yanayin amarya a Arewa. Yarinya ce da aka yi wa huɗubar haƙuri da biyayya tun ranar kamu, aka gaya mata sirrin miji ba a kai shi gida, kuma kunya ba za ta bar ta ta furta wa uwarta abin da ya faru a ɗaki ba. Yarda irin wadda Turawan ke magana a kai tana bukatar mutum biyu da kowannensu zai iya cewa a'a ba tare da ya rasa ci da sha da mutunci ba. Inda babu wannan daidaito, abin da miji zai kira wasa duka ne a wurin matar. Dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, tana da sashe na 55 da ya ba miji damar horon matarsa muddin bai kai ga mummunan rauni ba, kuma sashe na 282 bai ɗauki saduwa da matar aure da ta balaga a matsayin fyaɗe ba. Dokar hana cin zarafi ta VAPP ta 2015 ta zo daga baya, Yobe ta sanya mata hannu a 2022, amma tsakanin takarda da ɗakin amarya akwai tafiya.

Ko Ingila ma ba ta bar yarda ta wanke komai ba. A shari'ar Brown ta 1993, alƙalan Majalisar Dattawa uku cikin biyar sun yanke cewa mutum ba zai iya yarda a ji masa rauni don jin daɗi ba. A 2021 aka sanya wannan ƙa'ida cikin dokar cin zarafin cikin gida, bayan an yi ta samun mazan da suka kashe mata suna kare kansu da cewa wasa ne ya wuce gona da iri. Shaƙe wuya, wanda likitoci suka ce babu hanyar yin sa ba tare da haɗari ga ƙwaƙwalwa ba, ya yaɗu tsakanin ɗaliban jami'o'in Amurka kamar yadda binciken Debby Herbenick ta Jami'ar Indiyana ya nuna, kuma sau da yawa ba a tambayi yarinyar ba.

Ɗaya ɓangaren bai musanta haɗarin ba, amma ya ce an haɗa abubuwa biyu. Shaƙe wuya daga finafinan batsa na intanet aka fi danganta shi, ba daga wasan kwaikwayon talabijin ba, kuma mugun miji bai jira Netflix ba kafin ya koyi mugunta. Kotunan shari'a na Arewa sun cika da ƙarar duka tun kafin a san waya. Binciken da Juliet Richters ta jagoranta a Ostareliya, wanda aka buga a 2008, ya tambayi mutane kimanin 19,000, ya samu kashi 1.8 cikin 100 na masu mu'amala sun yi irin wannan a shekarar da ta gabata, kuma ba su fi sauran jama'a damuwa ko tarihin tilastawa ba. Wasu daga wannan ɓangare sukan ƙara da cewa al'ada ta san zafin da aka yarda da shi: ɗan dambe yana shiga fage da ƙafarsa, saurayin Fulani yana tsayawa a shaɗi yana murmushi, babu mai kiran abokin karawarsa azzalumi. Masu fargaba sukan amsa cewa dambe da shaɗi a fili ake yin su, tsakanin sa'o'i, da masu rabawa a tsaye, wanda duk babu su a ɗakin aure.

Fiƙihu ya ba kowane ɓangare abin riƙewa, ko da yake ba daidai ba. Malamai sun yarda cewa asalin jin daɗi tsakanin ma'aurata halal ne sai abin da nassi ya hana, kuma wasa da raha a tsakaninsu abin so ne. Amma ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani tana sama da wannan, wulaƙanta ɗan Adam haramun ne, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunan Yobe ke bi, mace na da haƙƙin alƙali ya raba aurenta idan ta tabbatar da cuta. Akwai kuma haramcin fallasa abin da ke tsakanin miji da mata, wanda ya sa nuna irin wannan a allo ya faɗi tun kafin a zo kan hukuncin aikin kansa. Wannan ya sa karɓuwa irin ta Amurka, inda ake tattauna abin a shirin safe, ba ta da gurbi a nan, kuma ɓangarorin biyu sun san haka.

Allon gida da almakashin hukuma

Akwai wani abu da masu ganin an zuzuta suke jefa wa abokan jayayyarsu, kuma yana da nauyi. Suka ce ana hangen nesa an bar na kusa. Labarin attajiri mai zafin rai da aka ɗaura wa yarinyar da ba ya so, ya yi ta gallaza mata, ta yi ta haƙuri har ya faɗa sonta, tsohon zance ne a finafinan Hausa da na Indiya masu fassara, kuma ya fi yawa a littattafan da ake sayarwa babi-babi a WhatsApp da Wattpad, waɗanda mata ne suka fi rubutawa da karantawa. Wasu daga cikin waɗannan littattafai suna bayyana daren farko da ƙarfi da kuka da jinya a matsayin shaidar mazakuta da budurci. A nan akwai danniya, babu yarda, babu kalmar tsayarwa, kuma da Hausa aka rubuta, da sunaye irin na maƙwabta. Idan allo da shafi suna koyar da wani abu game da iko a ɗakin aure, wannan darasin ya fi isa Nguru fiye da duk abin da aka yi a Holiwud.

Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi sa ido kan sutura da taɓa jiki da rawa. Ta hana finafinan garkuwa da mutane da shaye-shaye a 2021, ta hana na daba da daudu a 2024, a watan Mayun 2025 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 har da Labarina da Daɗin Kowa saboda ba a kawo su tacewa ba. Mari kuwa yakan wuce. Ikonta ma a Kano ya tsaya, ko da yake kusan duk abin da mutanen Yobe ke kallo da Hausa daga can yake fitowa, kuma ba ta da hannu a kan memorin da ake cikawa a tashar mota.

Masu fargaba sun karɓi wannan suka, amma suka juya ta. Suka ce ai wannan ne ya sa baƙon hoton ya fi haɗari a nan: ya tarar da ƙasa a jiƙe. Yaron da ya taso yana ganin cewa mace takan so mai gallaza mata, idan ya ga Bature mai kuɗi yana yin abin da ya fi haka, zai ɗauka wayewa ce ta tabbatar masa da abin da ya riga ya sani. Game da tacewa kuwa, ba su ce tana toshe kowace ƙofa ba. Sun ce tana aika saƙo cewa al'umma ba ta yarda ba, kuma wannan saƙon shi kansa kariya ne ga macen da ke son ta ƙi.

Tace hujjojin

Cewa allo ba ya tasiri ko kaɗan magana ce da binciken Burazil da Indiya da Shuga suka rushe. Amma waɗannan bincike sun nuna sharuɗɗan tasirin: dogon lokaci, harshen gida, kallo tare da jama'a, da jarumin da mai kallo ke ganin kansa a jikinsa. Shirye-shiryen Turawa masu nuna BDSM ba su cika ko ɗaya daga ciki ba a Nguru da Gashua. Finafinai da littattafan gida masu ƙawata muguntar miji sun cika dukkansu. A wannan gaɓa ɓangare na biyu ya fi gaskiya, kuma abin mamaki ne yadda wa'azi ya fi yawa a kan wanda ya fi rauni.

Ko a Yamma hujjar cewa talabijin ce ta jawo karɓuwa ba ta da ƙarfin da ake zato. Binciken Bonomi na biyu, na 2014, ya samu alaƙa tsakanin karanta littafin da zama da saurayi mai zagi da bibiya, amma bai iya nuna wanne ya riga wanne ba. Alƙaluman yawan masu yi ma suna rawa gwargwadon yadda aka yi tambaya: Ostareliya ta samu ƙasa da kashi 2 a shekara guda, wani binciken Beljiyam na 2017 da ya faɗaɗa ma'anar ya tambayi tsawon rayuwa ya samu kusan rabin waɗanda aka tambaya. Ba za a ɗora waɗannan biyun a jere a ce abu ya ƙaru ba. Masaniyar ɗabi'un al'umma Margot Weiss ta lura tun 2006 cewa yawan ganin abin a allo yakan sa Amurkawa su karɓi sassauƙan nau'insa ne kawai, wanda aka yi wa kwalliyar soyayya, su ci gaba da ɗaukar masu yin sa da gaske a matsayin marasa lafiya. An samu ƙarin ciniki da barkwanci, har hukumar kashe gobara ta Landan ta yi kamfe a 2013 kan yawan kiran da take samu na cire ankwa, amma dokar Ingila ta ƙara tsauri a daidai wannan zamani.

Binciken da ya fi haska yanayin Arewa daga Ruwanda ya fito. Elizabeth Levy Paluck ta bi masu sauraron wani wasan rediyo na sulhu tsawon shekara guda, ta buga sakamakon a 2009. Abin da mutane suka yi imani da shi a zuciyarsu bai sauya sosai ba. Abin da ya sauya shi ne zatonsu game da abin da sauran jama'a ke yi da abin da suke yarda da shi, kuma halinsu ya bi wannan zaton. Idan aka auna da wannan, saurayin da ke kallo a ɓoye ba zai daina ganin abin a matsayin laifi ko abin kunya ba, amma zai iya ɗauka cewa haka wayayyu suke yi, cewa sa'o'insa duk sun sani, cewa amarya ma tana tsammani. Budurwa kuma za ta iya ɗauka cewa idan ta ƙi, kishiya ba za ta ƙi ba. Kasuwar kayan mata, wadda ta tashi daga raɗa tsakanin uwa da 'ya ta koma talla a Instagram da lasifikar kasuwa, a kan irin wannan zato ta ginu. Wannan ne wurin da fargabar ɓangare na farko ta fi tsayawa da ƙafarta, ko da yake tushenta ya fi kusa da bidiyon batsa da hirar rukunin WhatsApp fiye da tashar talabijin.

Karɓuwa a fili, irin wadda za a ji a bakin malami ko a ga a Daɗin Kowa, babu alamarta a masarautar Bade ko ta Nguru, kuma martanin 2007 da 2016 ya nuna inda jama'a suka tsaya. Abin da ke faruwa a ɗaki kuwa alƙalan kotunan shari'a da ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da matan da ke sasanta aure a unguwanni ne suka fi kusa da ganinsa, kuma su ma sukan ga rauni ne ba tare da an gaya musu inda aka koyo shi ba. Masu son a ƙara matsa tacewa da masu son a shigar da zancen yarda da cuta cikin karatun da ake yi wa ango da amarya kafin ɗaurin aure suna iya kafa hujja da wannan shiru ɗaya, kowanne ta fuskarsa.